Buji na huɗu

Da sanyin bana yayana Lawali ya cika shekara tara a ƙasa. Makanikin motocin gazuwal ne, wato masu shan man dizal, a bayan tashar Matameye, ni kuma Habu, ƙaninsa, direban da ya yi shekara ashirin yana ba shi ciwon kai. Bai bar gona ba, bai bar shago ba. Ya bar matarsa Rabi, da 'ya'ya mata uku, da tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ita nake ja har yau, ina kwasar rake da kabeji daga fadamun Dungu zuwa Damagaram, kuma a bayanta gidansa da nawa suke cin abinci.

Motar gazuwal ba ta shiri da sanyi. A kan injinta akwai buji huɗu, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, waɗanda suke yin zafi idan ka murɗa makulli, su ɗumama ciki kafin inji ya kama. Idan sun mutu, da bazara ba za ka sani ba. Sai sanyi ya sauka za ka zauna da safe kana murɗawa, mota tana tari tana fitar da farin hayaƙi, maƙwabta suna yi maka sannu.

Canza su ba wani aiki ba ne a ido, kwancewa ce da ɗaurewa. Amma bujin da ya daɗe yakan manne da ƙarfen da yake ciki, in ka matsa masa ya karye, rabi a hannunka rabi a ciki. Daga nan sai a sauke kan inji gaba ɗaya a kai shi Kano. Shi ya sa Lawali yake da tasa hanyar, wadda ta sa direbobi suke yi masa tsiya wai ya fi kaka mai tsince shinkafa jan rai. Sai an ɗumama inji, ya hure yashin da ke gindin kowane buji, ya ɗiga man birki, ya je ya sha shayi. In ya dawo sai ya kama sifana da yatsu biyu kawai. Ya motsa, ya bi shi a hankali, gaba kaɗan, baya kaɗan. Bai motsa ba, ya rufe mota ya ce sai gobe. Ko Alhaji ne mai motar, sai gobe.

Ni ne na taɓa ƙin jiran goben. Muna tsakiyar kakar rake, buji ɗaya ya ƙi fita kwana uku. Yaya ya tafi sallar azahar, na zura bututun ƙarfe a jikin sifana na danna da ƙarfina. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena, ƙas, 'yar ƙarama. Motar ta yi wata guda a kwance, raken mutane ya bushe, wasu ne suka kwashe kasuwar. Da ya dawo ya ga guntun a hannuna bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Cewa ya yi, "Da ka bari sai gobe, Habu." Tun daga ranar bai sake miƙa mini sifana ba, ni ma ban sake nema ba.

Bujin da ke cikin motar shi ya ɗaura su da hannunsa, wata biyu kafin ciwon da ya tafi da shi. Sun yi shekara bakwai suna aiki, sannan suka mutu. Na sayo sababbi, na ajiye a aljihun mota, na kasa taɓa tsofaffin. Ina cewa mutane ai aikin hannun Yaya ne, ba na son a cire. Rabin gaskiya ke nan. Sauran rabin tsoro ne. In na karya ɗaya yanzu, babu Lawalin da zai gyara ɓarnata, kuma gida biyu ne za su kwana da yunwa.

Wani lokaci nakan tsaya a bakin tsohuwar rumfarsa in tambayi kaina me zai ce da ya ga yadda ake aiki yau. An kunna tsumma an kara a bakin iskar inji. An fesa maganin sauro a ciki don mota ta tashi da ƙarfi da yaji. Wanda na kai wa motar ya duba, kafin in gama bayani ya riga ya ɗauko bututu, na ce Allah ya ba ka haƙuri, na ja abata. Ba na ganin laifinsu sosai, kowa a guje yake, ni ma a gujen na tsufa. Amma na san Yaya zai girgiza kai ya koma kan shayinsa.

Saboda haka sanyi biyu muna turi. To wa zai tura? Majiya ƙarfin unguwarmu da an gama girbi sun wuce Kano da Legas cin rani. Sai tsofaffin da ke fitowa daga sallar asuba, su ma suka fara sauya hanya in sun hango ni. Wata safiya na duba madubi, sai ga Rabi ta ci ɗamara da gyale ta dafa bayan mota, ita da ciwon gwiwa ya sa take sallah a zaune. Kunya ta rufe ni. Da motar ta tashi ta zo bakin taga tana haki.

"Habu, na gaji. Yayanka bai bar mana mota don mu riƙa ɗaukar ta ba. Ko ka canza abin nan, ko ka sayar da ita mu san mun rasa."

Washegari na karɓi akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gadonta. Na ɗumama inji, na hure yashi, na ɗiga man birki, na je na sha shayin da ban ji ɗanɗanonsa ba. Biyu suka fito a kwana na biyu, na uku a kwana na biyar. Na huɗu ya kafe. Kowace safiya in ɗiga mai, in kama da yatsu biyu, in saki. Kasuwar Dungu ta ci ta watse ba ni. Alhaji Idi, mai raken da nake ɗauka, ya zo da kansa ya tsaya a kaina.

"Malam Habu, saboda ƙarfe ɗaya kamar yatsa? Sa bututu ka danna mana!"

Bututun yana nan kusa da ƙafata, na gan shi sarai. Sai na ji bakina ya ce, "Sai gobe, Alhaji." Ya tafi da fushi, ya ba wani kayan.

A kwana na goma sha ɗaya ya motsa. Gaba kaɗan, baya kaɗan, har ya fito baƙi ƙirin, bai karye ba. Na waiwaya wajen da Yaya yakan zauna don in nuna masa, babu kowa sai benci.

Rumfarsa yanzu ana sayar da kayan waya a ciki, yaran tasha ba su san sunansa ba, motar ma ba na jin ta fi sanyi biyu ko uku nan gaba. Abin da ya rage nasa ɗan kaɗan ne, kuma a yatsuna biyu yake, ni da bai taɓa yarda da hannuna ba. Allah ya jiƙan Yaya Lawali.

A ranar na ɗaura sababbin guda huɗu. Da safe na murɗa makulli, na jira 'yar fitilar buji da ke gaban sitiyari ta mutu kamar yadda ya koya mini, na sake murɗawa. Bugu ɗaya ta kama. Rabi ta riga ta fito tana ɗaure gyale a ƙugu don turi. Ta tsaya a bakin zaure tana saurare, ta daɗe, sannan ta kwance ɗamarar.

"Haka take tashi a hannunsa," in ji ta.