Goyon Ɗan Biri

Ƙwas-ƙwas na wuƙa a kan katako na ji daga kicin, ina ninke sallaya bayan la'asar. Na leƙa, sai ga babbar 'yata tana yanka mangwaro. Yarinyar da tun da na haife ta a Manchester ba ta taɓa yanka mini albasa ba sai mun yi shari'a. Na ce alhamdulillahi, ko miji ne ya fito?

"Umma, koyo nake. Jami'armu za ta tura mu Kamaru, wurin da ake kula da birai. Mu za mu riƙa yanka musu abinci."

Ni da na tashi ina korar birai daga gonar kakana da gwangwani da hoge, yau jinina ce za ta hau jirgi ta je yi musu kuku. Babanta ya ce ilimi ne. Na ce Allah ya amfana. A unguwar Cheetham Hill na sayo mata takalmin roba da gidan sauro. Mai shagon ya tambaya ko aikin asibiti za ta, na ce kusan haka.

Hotuna suka yi ta zuwa. Ga ta tana kwashe kashin biri da shebur, baki har kunne. Ɗakinta na gida kuwa sai na yi bismilla nake shiga.

Wata Asabar muna Sparkhill a Birmingham, ana sunan jika a gidan ƙanwata. Falo cike da mata, kowa na baje 'ya'yanta: wannan likita, wancan akanta. Ina addu'ar kada layi ya zo kaina, sai ga kiran bidiyo. Kafin in tashi, kawuna sun riga sun leƙo.

'Yata ce, duk ta faɗa. A ƙirjinta wani ɗan abu baƙi ya damƙe mata riga, haƙarƙarinsa a waje.

"Umma, mafarauta sun kashe uwarsa. Ya ƙi madara. In na ajiye shi ya yi ta ihu har ya shiɗe, in na rungume shi ya ture kwalbar. Likitansu ya ce in bai sha yau ba..." Ta haɗiye sauran. "Ki koya mini goyo."

Goyo! Ita da ta taɓa gaya mini wai ta karanta goyo na gwame ƙafar yara. Na buɗe baki zan tuna mata, sai ɗan birin ya ɗago ya dube ni. Idon maraya ko na wane ne, ba ya barin mutum ya yi gori.

Na jawo autar ƙanwata, wadda a keken turawa ta girma, ba ta taɓa hawa bayan kowa ba. Na ari zani, na saɓa ta.

"Ninka zanin gadonki. Sunkuya sosai, ba gaisuwar Bature ba. Na sama ta ƙarƙashin hammata, ki soke. Na ƙasa ki tallafo shi, ki ɗaure tamau."

Iyayen likitoci da akantoci suka manta da ajinsu. "Jijjiga shi, 'yar nan!" "Taka, ki riƙa takawa!" Tana zagaye a can, ni ina zagaye a nan tsakanin kulolin shinkafa. Kukan ya yi ta raguwa.

"Yanzu zamo da shi gefe, ƙarƙashin hannu, kamar mai shayarwa. Sa masa kwalbar a baki, kar ki kalle shi."

Kowa ya kasa kunne. Can sai muka ji tsut, tsut, tsut ta waya. 'Yata na kuka, ni ma na goge nawa hawayen da gefen mayafi. Wata Hajiya ta dafa ni ta ce, "Barka, kin yi jika. Yaushe ne sunan?"

Na ce za a sanar da ita, ta tanadi ayaba.

Na kai hannu zan kwance zanin, sai autar ta ƙanƙame wuyana, ta ce da Hausarta ta Birmingham, "Inna, kar ki sauke ni. Shi ma birin ba a sauke shi ba."