Doña Eufrosina, Wadda Ta Koya Mini Shiga Tarago Ba Ido

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya yi wa Doña Eufrosina Tapia rasuwa a gidanta da ke unguwar Iztapalapa, bayan ɗan gajeren ciwon ƙirji. Labarin ya iske ni a bakin tashar jirgin ƙasa ta Pantitlán, inda 'yata Citlali ke ajiye ni kowace safiya in jira Doña. Na daɗe a tsaye ina kasa kunne ko zan ji ƙwanƙwasar sandarta, sai mai sayar da kunun masara ta taɓa hannuna ta ce, "Don Anselmo, zauna tukuna." Da jin haka na san ba lafiya.

Doña, ni nake faɗa, Citlali na rubutawa, don haka ki yi haƙuri idan maganar ta zo a karkace. Hankalina ba ya jikina tun ranar.

Lokacin da ciwon suga ya tafi da idanuna, na rufe kaina a ɗaki, ni da na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa bas a titunan birnin nan. A ƙungiyar makafi aka haɗa mu. Ke da makanta aka haife ki, kuma da alawar gyaɗa da kike sayarwa cikin taragun Metro, jirgin ƙasan cikin birni, kika raini 'ya'yanki. Da aka gaya miki sana'ata ta da, dariya kika yi har da tari, kika ce, "To direba, yau kai ne fasinja. Kama kafaɗata, kuma ban da surutu."

Ke kika koya mini in jingina da bango har sai jirgi ya tsaya cak. Ke kika mayar da jakata gaba, kika ce bayan makaho kasuwar ɓarayi ce. Kika gargaɗe ni da masu kirkin da ke fizgar hannun mutum ba su tambaye shi inda za shi ba, domin sun fi masu mugunta jefa mu cikin hatsari. Sai dai duk cikin abin da kika koya mini, ɗaya ne ke hana ni barci yanzu.

Tsakanin tarago da tarago akwai rata. Mai ido ba ya ko lura da ita. Mu kuwa, idan sanda tana bin jikin jirgi ta zo wurin, sai ta faɗa cikin sarari, kamar dai yadda take yi a buɗaɗɗiyar ƙofa. Wata safiya a tashar Hidalgo, jama'a na tura mu ta baya, sandata ta sami sarari, na ce ga ƙofa, na ɗaga ƙafa. Kika damƙe bel ɗina kika fizge ni, muka zube tare, alawarki ta watse ƙarƙashin takalman mutane. Ba ki ce uffan kan alawar ba. Sai kika ce, "Kai, wannan wane irin direba ne? Sanda ta taɓa daɓen tarago tukuna, sannan ƙafa ta bi! In ba ta ji daɓe ba, rami ne, ka ji ko?" Na ce na ji. Kika sa na maimaita sai ka ce ɗan makaranta, mutane na wucewa suna dariya.

Daga baya na ji cewa ba ni kaɗai ba ne. Duk sabon makahon da ya zo ƙungiya, wurinki ake tura shi, ba ki taɓa karɓar ko kofin shayi ba. Kin sha ce mini lokaci ya yi da zan fara tafiya ni kaɗai, ni kuma ina cewa sai wani makon. Haka muka yi ta yi har makonnin suka ƙare.

Yanzu ga inda ake. Citlali ba za ta iya barin aikinta ta riƙa yawo da ni ba, ta kuma ce in ba zan iya shiga jirgi da kaina ba, gara ta kai ni ƙauye wurin ƙanwata a Puebla, in zauna a tsakar gida. Ban ga laifinta ba, ina jin yadda take jan hanci tana rubuta wannan. Jiya na gwada. Na sauka har dandamalin jiran jirgi, iskar jirgi ta bugi fuskata, na manne da bango har wani ɗan sanda ya rako ni waje. Tsoro nake ji, Doña. Ina tsoron ratar nan, ina kuma tsoron tsakar gidan nan fiye da ita.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ke da ba ki taɓa ganin hasken duniya ba, Allah ya nuna miki nasa. Ya saka miki da alheri gwargwadon kowane mutum da kika janye daga bakin rami.

Ga ɗanki Fidencio da 'yarki Herminia da jikoki, da dukkanmu 'yan ƙungiya, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Gobe za a rufe addu'ar kwana tara a gidanku, kuma na gaya wa Citlali kada ta ɗauki hutu, da ƙafata da sandata zan zo. Ku ajiye mini kujera. Idan har aka fara ba ku ji shigowata ba, ku sa ni cikin addu'ar.