Dakta Rabi da Dawar Ɓeraye

Da safiyar nan ina shanya wanki waya ta shigo: Dakta Rabi ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne, ya kwantar da ita 'yan kwanaki. 

Tare muke aiki da ita a lab, wato ɗakin bincike, ni daga Gezawa, ita daga wani ƙauye bayan Kunci. Ni ce mai surutun, ita ce mai aikin, kowa ya san haka.

Ga waɗanda ba su san aikinta ba: a gefen mahaifar mace akwai gidan ƙwai. Wani lokaci yakan murɗe, jini ya daina isa gare shi. Likita zai yi tiyata ya warware shi, amma jinin da ya dawo da ƙarfi shi ma yana ƙara lalata ƙwayayen. Maganin da zai kare su daga wannan ɓarnar Rabi take nema, kuma a jikin fararen ɓeraye muke gwadawa.

Ba ta taɓa cika baki ba. Mata su tare ta a gidan biki su ce ta ba su maganin, sai ta ce, "Bai kai ga mutane ba tukuna. In ciwon mara ya zo farat ɗaya da amai, ku bar jiƙe-jiƙe, ku tafi asibiti."

Ranar da ɗana ya kwanta, ita ta karɓi aikina ba tare da na roƙa ba. Da azumi kuwa kunun gyaɗarta har masu gadi sun san shi.

Sai shekarun nan masu wuya suka zo. Abincin ɓeraye ya gagare mu. Muna tsakiyar gwaji, in suka rame ko suka mutu, aikin shekaru ya tashi a banza. Rabi ta ce mu je gida wurin Baba, mahaifinta.

Na ce, "Rabi, manomi za ki roƙa ya ciyar da ɓera? A wannan shekarar?"

Ta ce, "Ke dai raka ni."

Mun tarar da shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Shekarar taki ya yi tsada, gonar ba ta bayar da abin kirki ba, a gidan ma tuwo sau ɗaya ake tuƙawa. Ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce, "Tun ina yaro nake kashe ɓera a rumbun nan. Yau kuma in ɗebi dawa in kai masa har birni? Maganin me ma ake nema?"

Rabi ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ce, ko sunanta ba ya kamawa, ta yaya za ta yi masa zancen mahaifa da ƙwai? Ashe duk shekarun nan abin da ya sani kawai tana kiwon ɓera a Kano.

Ni kuwa bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Baba, ciwon Ummi ne."

Ummi ƙanwarta ce. Tana budurwa gidan ƙwanta ya murɗe, aka ɗauka ciwon mara ne na al'ada, aka yi ta ba ta jiƙo. Kafin a kai ta asibiti ya riga ya mutu, sai cire shi aka yi. Baba ne ya goya ta a babur ranar.

Ya kawar da kai. Ya ajiye fartanyar, ya jingina tsani, ya hau rumbun da kansa. Dami yake miƙo mana yana cewa, "Ku haɗa musu da ƙuliƙuli, dawa zalla ba ta riƙe jiki."

A mota Rabi ta mintsine ni, ta ce na kashe ta da kunya. Sai kuma ta fashe da kuka.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a lab ne. Ta jawo ni gaban madubin ƙara girman abu ta ce in leƙa. Gidan ƙwan ɓeran da ba a ba magani ba ya dagargaje. Na wanda aka ba, ga ƙwayaye nan da ransu. Na yi guɗa, ta rufe min baki tana dariya. Ta ce, "Saura zagaye ɗaya mu tabbatar. Kada ki fara shela."

To yau na yi shelar, Rabi. Wallahi ina alfahari da ke. Ina alfahari da zama ƙawarki.

Bayan an kai ta makwanci na kira Baba in yi masa gaisuwa. Na soma yi masa ta'aziyya. Shi ne ya katse ni, ya ce, "Yarinyar nan ta ce saura zagaye ɗaya. Na ware wa ɓerayen rabonsu tun kaka. Ki turo a ɗauka, kada su kwana da yunwa."

Gobe in sha Allahu zan koma lab.

Allah Ya jiƙan Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa aikin nan ya zame mata sadaka mai gudana. Allah Ya ba Baba da Ummi haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ya kuma roƙa mana ikon ƙarasawa.