Lasifikar Hagu

Baba a gindin injin niƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, kullum yana tsaye injin na ruri a hagunsa. Da ya bar wa ƙaninsa shagon, zaman gida ya ishe shi, sai ya sayo amfilifaya, na'urar ƙara sauti, irin wadda ake sayarwa a warwatse cikin kwali, mutum ya harhaɗa da kansa.

Daga ranar teburin falo ya zama nasa. Warin dalma ya cika gida, mu kuwa muka koma cin abinci a ƙasa. Amma fa ya haɗa ta tsaf, lasifika biyu kowacce tana tashi raɗau.

"Ta hagun ba ta magana," in ji shi.

"Tana yi, Baba."

"Ke me kika sani?"

Ya kwance, ya sake liƙe wayoyi, ya ƙona yatsa, ya ƙona ledar teburin Mama. Har kanti ya koma ya zazzage wa mai kaya masifa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba.

Ranar da abin ya kai ni maƙura, na lallaɓa shi ya juya kujerarsa, ya ba lasifikun baya, sannan na kunna. Ya yi kasaƙe. Na ce a raina yau dai zai gane kunnensa na hagu ne injin ya cinye.

Ya waiwayo rai a ɓace.

"Kin gani ko? Yanzu kin kashe mini ta dama. Miƙo sukundireba."