Ni Ce Nauyin Gaban Tarakta

Tun a bayan garejin Yayana, a Salaga, jikina ya gaya mini akwai matsala. Ina zaune a kan bonet ɗin ƙaramar taraktarsa, na riƙe gefe da gefe, ƙafafuna na reto a gaban fitilu, shi kuma yana kan kujera yana gwada jan wani kututturen ɗorawa da ya ɗaure da sarƙa. Yana sakin kuloci sai na ji ƙarfen da nake kai ya ɗaga, kaɗan dai, kamar yadda kwalekwale ke yi idan mai ƙiba ya shiga ta baya. Na leƙa, na ga haske tsakanin tayar gaba da ƙasa. Da ya kashe inji na gaya masa. Ya yi dariya ya ce ai don haka ya ɗora ni, da ba ta ɗagawa me zai yi da ni a can?

A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, ina zaman jiran sakamako, ina taya mahaifiyarmu, Mma, sayar da koko da ƙosai da safe. Rana na yi ba ni da abin yi sai in tafi gareji in zauna a kan benci ina jin hirar fitoci, wato masu gyaran inji. Yaya ne ya riƙe mu tun bayan rasuwar Baba, ban saba ce masa a'a ba. Taraktar kuwa irin ƙananan nan ce ta yankan ciyawa da jan kaya a lambu. Kawunmu da ke fataucin hatsi a Bawku ne ya samo ta, tsohuwa, ya aiko wa Yaya ya gyara ya riƙa jigilar doya daga gonakin wajen Kpandai zuwa bakin titi. Tana yin aikin kuma, har manoma sun san ƙararta.

Sai labari ya zo cewa samarin manoma da fitoci a Yendi sun shirya gasar jan kaya bayan an gama haƙar doya. Ana shimfiɗa faifan ƙarfe a fili, a jibga masa buhunan yashi, kowace tarakta ta ja, ana ƙara buhu zagaye bayan zagaye. Wanda ya ci zai tafi da rago. Yaya ba ragon ne ya dame shi ba, so yake a ce a Salaga ma akwai gwanayen fitoci. Ƙa'idar rukunin ƙananan taraktoci da zai shiga ita ce tarakta ta zo yadda kamfani ya ƙera ta, ba walda, ba ƙarin ƙarfe gaba ko baya. Amma ba wanda ya ce kada mutum ya zauna a gaba, don a wajenmu wannan ba ƙari ba ne. Duk wanda ya taɓa fitar da doya daga laka ya san ana ɗora wani a bonet ya danne hanci. Har a hanya za ka ga ana yi, ana hira ana cin gyaɗa.

Ya kwashe makonni yana shiri, ni ce mai miƙa masa sifana. Ya cire wuƙar yankan ciyawa, ya wanke kafireta, ya sa sabon bel da fulogi. Tayoyin baya ya ɗura musu ruwa don su yi nauyi, ya ɗora wuƙa a wuta ya zurfafa zanensu don su kama ƙasa. Sai maganar sarƙa. Kamfani ya yi mata rami can ƙasa, amma Yaya ya ɗaure ta sama, a ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera, yadda ake yi a gona don kaya su danne tayoyin baya. Ya gwada ɗora abokansa a gaba, suka yi nauyi, sitiyari ya ƙi juyawa. Ya ɗora ni, ta tafi daidai. Tun daga ranar abokan suka sa mini suna Dutsen Awo. Ɗaya ya ce a riƙa auna mini tuwo kada in ɓata musu lissafi, wani ya ce duk wanda zai aure ni sai ya nemi izinin tarakta. Ni ma ina dariya. Ina jin daɗi a ce ba ni, ba gasa. Mma kuwa ce mata muka yi sunan ɗan wata ƙawata za ni a Yendi, Yaya zai rage mini hanya.

Ranar gasar filin busasshe ne, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Zagayen farko muka wuce lafiya, na biyu hanci ya ɗaga ya sauka, mutane suka yi tafi don sun ɗauka gwaninta ce. Kafin na gaba na sauko na ce wa Yaya ba zan ƙara hawa ba, ya nemi wani. Ya dafa kaina ya ce, "Ƙanwata, wannan ɗaya kawai. Ki kwanto gaba ki riƙe, ni na san motata."

Na hau. Abin da ban sani ba, shi ma bai yi tunaninsa ba, a laka idan kaya sun fi ƙarfin tarakta tayoyi ne ke juyawa a banza, su watsa taɓo, a sauko a tura. A nan kuwa ya riga ya yi duk abin da zai hana su zamewa. Faifan ya ƙi motsi, tayoyi suka ƙi sakin ƙasa, sai taraktar da kanta ta miƙe tsaye. Na ga sama, na ga fuskar Yaya a ƙarƙashina, sai na ji bayana ya sauka a kan gefen faifan. Shi ya yi tsalle gefe, hannu kawai ya karye. Ban suma ba, na so a ce na suma. Ina jin inji na kuka, ina jin warin fetur, ina jin salati. Ƙafafuna ne kawai ba na ji. Ina ganinsu a yashe, takalmi ɗaya ya fita, kamar na wata.

Mutane suka rufe ni, kowa da shawararsa. Wani ya sheƙa mini ruwa, wani ya kama ƙafata zai ja wai a miƙar da ƙashi, wata dattijuwa ta ce a kai ni wajen maɗori yanzu tun jiki da ɗumi. Yaya da hannunsa guda ya kira Kawu a Bawku yana kuka. Kawu bai tsaya tambayar wace tarakta, wace gasa ba, ya ce kada a bari kowa ya lanƙwasa ni, a nemo ƙyaure a kwantar da ni a kai, asibiti kai tsaye. A kan ƙyauren shagon wani tela aka ɗauke ni.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ina kwance rigingine, an hana ni juyawa, sai an zo an juya ni kamar kaya. Aka tura ni ɗaukar hoton ƙashin baya a Tamale, aka ce a jira kumburi ya sauka kafin a san gaskiya. Mma ta zo da kayan jikinta, ba ta tambaye ni ina mai jegon da na zo wa suna ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi. Zama take a ƙarshen gado tana matsa mini ƙafa da man kaɗanya, ni kuma sai na ɗaga kai nake sanin tana yi. Yaya ba ya shigowa, a bakin ƙofa yake tsayawa da hannu a rataye. Ni ba abin da nake tunani sai wa zai riƙa ɗaukata zuwa bayi idan Mma ta tsufa.

Wannan ne ya sa na rubuto muku. Ban rubuto don a zagi Yayana ba, abin da kowa ke yi ya yi, ni ma abin da na tashi na gani na hau. 'Yan'uwana mata da ƙannenmu, idan aka ce ku hau gaban tarakta ku danne, a gona ne ko a wasa, ku ƙi, ko wa ya ce. Jikin mutum ba buhu ba ne. Masu tarakta kuma ku bar sarƙa a ramin da aka yi mata. Idan jikinki ya gaya miki abu, kika faɗa aka yi dariya, ki sauko kawai. Dariyar ba ta kashe kowa.

A can asibiti kuwa, wata rana bayan la'asar likita ya shigo da hoton a hannu. Ya yaye zanen, ya ja bayan biro a tafin ƙafata ya ce in rufe ido in faɗa masa wace ya taɓa. Na ji wani abu can nesa, kamar tururuwa. Na ce ta hagu. Ya ce in motsa babban yatsa, na yi iya ƙoƙarina ban san ko ya motsa ba. Sai ya yi bayani da Turanci, ƙashi ya tsage amma jijiyar bayan ba ta tsinke ba, zan daɗe, zan sha wuya, amma zan taka. Na fahimta sarai, bakina ne ya ƙi buɗewa in fassara. Mma tana kallon fuskarsa tana kallon tawa. Nas ɗin da ke tare da shi, 'yar ƙabilar Dagomba ce, ta sunkuya wajenta da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mma, ƙafa bai mutu ba. Yarinya zai tafi da kansa."

Mma ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta ce a kira mata ɗanta ya shigo. Ni kuwa barci ya ɗauke ni kafin ya ƙaraso bakin gadon.