Kabarin Wan Kakata

Ko yau aka tashe ni daga barci aka ce in faɗi abin da ya fi tsaya mini a rai a zamanmu na Kuala Lumpur, labarin kabarin nan zan kawo. Ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah.

Ranar da na je sallamar kakata a Kano, za mu taho da maigidana karatunsa, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya tafi Makka ina ƙarama, bai dawo ba. Alhazai sun ce ya bi wasu mutanen gabas ƙasarsu. In kin je ki cigita mini." Na ce to, Iya, amma a zuciyata dariya nake.

Shekara uku muka yi. Duk sanda na wuce tsohuwar maƙabartar da ke kusa da Kampung Baru sai duwatsun su ja idona: kowane kabari biyu, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, da rubutu irin ajaminmu. Mu da muka saba da kabari ba suna, abin yana burge ni, amma ban taɓa shiga ba.

Wata rana na tsaya tapau, wato sayen abinci in tafi da shi gida, a wani kedai, ƙaramin gidan abincinsu, sai tsohon mai wurin ya tambaye ni ƙasarmu. Da na faɗa masa ya ajiye ludayi. Da guntun Turancinsa ya ce yana yaro akwai wani baƙin mutum da ya biyo alhazansu daga Makka, shi ya koya masa karatun Alƙur'ani, kuma a maƙabartar nan yake kwance.

"Na san dutsensa," in ji shi. "Ki zo ko yaushe in kai ki."

Na ce, "Boleh, pak cik," wato to, kawu, "sati mai zuwa insha Allahu."

Satin ya zo ana rangwame a kantunan Bukit Bintang, na bi ƙawaye. Na gaba yara na jarrabawa. Ana haka korona ta shigo, aka kulle gari.

Zaman gida ne ya sa na waiwayi maganar. Na riƙa kiran dangi ɗaya bayan ɗaya ina rubuta wa ya haifi wa. Da aka haɗa ni da Iya na ba ta labarin tsohon, sai na ji tana jan hanci. Ta ce, "Ki tambaye shi ko malamin nasa yana da tsaga uku-uku a kumatu, kuma ko ɗan yatsansa na hagu a lanƙwashe yake. Ni na rufe masa ƙofa a kai." Ko lambar wayar tsohon ban karɓa ba.

Ana sassauta kulle na sa takunkumi na nufi kedai ɗin. 'Yarsa na tarar. Ta ce cutar ta ɗauke shi, ko wankansa ba a bari sun yi ba. Na tambaye ta malamin, ta girgiza kai. Ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Daga baya muka shiga maƙabartar da maigidana, karo na farko a rayuwata da na taka maƙabarta. Muka bi layi-layi muna durƙusawa. Ruwan sama da gansakuka sun cinye rubutun tsofaffin duwatsun, wani harafi biyu ya rage, wani ba komai. Wataƙila na dafa nasa na wuce. Da rana ta yi zafi muka tsaya a tsakiya muka yi musu addu'a gaba ɗaya.

Na kira Iya na gaya mata gaskiya, har da rangwamen. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Allah ya san inda yake. Kin dai shaƙi iskar wurin." Kafin mu samu jirgin komawa gida ita ma ta rasu.

Har yau ban sani ba ko wanta ne. Abin da na sani shi ne amsar tana bakin mutum mai rai, tafiyar minti kaɗan daga gidana, na bar ta har aka binne ta. In tsoho ya ce zo in nuna maka, ajiye abin da ke hannunka ka bi shi a ranar.