Ranar da Gulbi Ya Bar Gejinmu

Har yau ban manta da ranar da Injiniya Lawal ya zo da niyyar sallamata daga aiki ba. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Da ku matasan ofishinmu kuka ce kowa ya rubuta abin da ya sani game da shi, wannan ranar ce ta fara faɗo mini a rai.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashinsa a ofishin kula da ruwa, ko tabbatar da ni ba a yi ba. An tura ni wani ƙauye tsakanin Gozaki da Malumfashi a matsayin mai karanta geji. Ga wanda bai san aikin ba, geji dogon ƙarfe ne mai lambobi da ake kafawa a cikin kogi. Safe da yamma za ka je ka duba inda ruwa ya kai, ka rubuta a fom, duk mako biyu ka aika ofis. Wanda ya riƙe wurin kafin ni an kore shi ne don yana cike fom daga ɗakinsa. Shi ya sa ran da zan tafi Injiniya ya ja mini kunne. Ya ce, "Sabi'u, ba na son hasashe. Abin da geji ya nuna, shi za ka rubuta."

Mutanen ƙauyen Gulbi kawai suke ce wa kogin. Da rani yashinsa fari ne tas, mata su tona da ƙwarya, ruwa mai sanyi ya tsattsafo. Da damina sai ya cika ya yi ja, rassan kanya da ɓaure su sunkuyo har suna taɓa shi, balbelu su jeru a gaɓa. Ban taɓa gajiya da zuwa wurin ba.

Cikin watan Agusta aka yi ruwan kwana biyu ba tsayawa. Da na je da safe sai na tarar da geji tsaye a kan yashi, babu ruwan da zai isa alwala. Gulbi ya ɓalle ta bayan wata gonar rake, yana gudunsa can nesa. Fom ɗinmu gidan lamba kawai gare shi, ba wurin bayani. Na tuna gargaɗin, na rubuta sifili. Haka na yi ta yi har mako biyu, na aika.

Ranar wata Talata sai ga Injiniya a kan babur, wandonsa duk laka, takardar tuhuma a aljihu.

Ya ce, "Sabi'u, ko'ina a yankin nan gadoji suna nutsewa, kai kaɗai ake fari a wurinka?"

Na ce, "Yallaɓai, abin da geji ya nuna ke nan."

"Wuce mu je."

Na wuce gaba ina tunanin matata da ke da tsohon ciki a lokacin, ga shi ba ni da wata sana'a. Muka isa muka tarar da jaki ɗaure a jikin geji yana cin ciyawa. Mai shi, Baba Nomau, wani dattijo Bamaguje wanda gonar raken tasa ce, ya fito yana murmushi.

"Sannunku ma'aikata. Ku ne masu turken nan? Kun kyauta, ya yi wa jakina daidai."

Injiniya ya ce, "Baba, ina ruwan?"

"Ya koma gida mana. Nan da kuka kafa ƙarfenku, baƙunta ya zo."

Ya ɗauki sandarsa ya ce mu biyo shi. Ya nuna mana wani kwari mai jerin giginyu, ya ce a nan kakansa yake kama tarwaɗa. Gaba kaɗan ga wasu ramuka da ciyawa ta rufe. Ya ce tsohuwar marina ce, kuma masu rini ba sa zama nesa da ruwa. Daga nan ya kai mu inda Gulbi ya matse tsakanin manyan duwatsu biyu, ruwan yana ƙara, iska mai sanyi tana tasowa.

Ya ce, "Duk yawon da zai yi, ta nan yake bi. Tun kafin a haifi ubana."

Injiniya ya ce, "To Baba, don me ba ku gaya wa masu kafa ƙarfen ba?"

"Sun tambaya ne? Sun zo a mota, sun sha rakena, sun tafi."

Injiniya ya yi dariya har ya zauna a kan dutse. Ya cire takalmi ya tsoma ƙafafunsa a ruwa, sannan ya miƙo mini takardar da biro.

"Doka ce, sai ka amsa."

"Me zan rubuta, yallaɓai?"

"Gaskiya. Ka ce kai kana bakin aikinka, gulbi ne ya tafi ba izini."

Da dariyar ta lafa sai ya ce, "Rabin laifin nawa ne. Na ce ka kalli ƙarfe, ban ce ka kalli ruwa ba. Amma kai ma da ka hau babur ka zo ka gaya mini da baki. Ina cizo ne?"

Bayan damina aka mayar da geji tsakanin duwatsun nan. Aka ƙara layi ɗaya a ƙasan fom, inda mai karatu zai rubuta abin da idonsa ya gani. Layin da kuke cikewa yanzu, daga nan ya samo asali. Ni kuma aka tabbatar da ni a ƙarshen shekarar, da sa hannunsa.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ku kafa komai a bakin ruwa, ku nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ku zauna ku saurare shi. In kuma wata rana kuka zama manya, takardar wani ƙarami ta zo muku da abin da bai shiga hankali ba, kada ku yanke masa hukunci a kan tebur. Injiniya Lawal zai iya korata yana zaune a ofis, babu mai tambayarsa. Sai ya hau babur cikin laka ya zo ya gani. Yarinyar da aka haifa mini a wannan daminar, da albashin aikin nan ta yi karatu, yau ita ke koyarwa a makarantar garinmu. Ban taɓa gaya masa haka ba.